Hukuncin Halartar Zaman Masu Neman Barin Giya

Tambaya: Na daɗe ina shan giya a ɓoye. Nakan tuba, sai in koma. Wani ma'aikacin asibiti ya ba ni shawarar in nemi zaman da masu irin matsalata suke yi mako-mako, kowa ya faɗi halin da yake ciki, su ƙarfafi juna. An ce wasu a harabar coci suke taruwa, kuma ba duka ne Musulmi ba. Ya halatta in je? Faɗin laifina a gabansu bai zama tona asirin da Allah ya rufa mini ba?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, zuwa wannan zama ya halatta. Idan kuwa ka tabbatar ba ka iya bari kai kaɗai, neman taimako ya zama wajibi a kanka, domin ƙa'idar malamai ita ce duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Barin giya farilla ne da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida, aya ta 2 a surar kuma ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri.

Kada yawan komawa ya sa ka yanke ƙauna. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya, har wani ya la'ance shi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Kada kuma ka bar salla da tunanin ba za a karɓa ba, tana nan a wuyanka.

Game da tona asiri, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito yana zargin wanda ya kwana Allah ya rufa masa asiri, ya wayi gari yana ba da labarin saɓonsa. Malamai sun fassara shi da mai alfahari da rashin kunya. Wanda ya faɗi cutarsa don neman magani hukuncinsa daban ne, kamar mai faɗa wa likita ko mai neman fatawa. Sai dai ka tsaya a gwargwadon buƙata: abin da ke jan ka, kamar ranar albashi, ɓacin rai, ko abokin da ke tsayar da babur a ƙofar gida bayan isha'i. Kada ka ambaci sunan kowa, kuma abin da ka ji a can amana ne.

Mafi shahara a irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a Akron ta Amurka a 1935. Tsarinta matakai 12 ne, ciki har da amincewa cewa giya ta fi ƙarfin mutum, da neman yafiyar waɗanda ya cuta. Waɗannan ba su saɓa wa sharuɗɗan tuba ba. Amma ka kiyaye abubuwa uku. Inda suka ce ka miƙa lamarinka ga wani iko da ya fi naka, kai Allah kaɗai za ka nufa. Idan suka rufe taro da addu'ar wani addini, ka yi shiru ka yi taka. Kuma wanda zai zama majiɓincinka, mai ɗaga wayarka idan sha'awar ta taso, ya zama namiji ɗan'uwanka, mace kuma ta nemi mace. Ɗakin taro a harabar coci ba ya haramta zaman, matuƙar ba ibadarsu ake yi ba. In ka sami zaman Musulmi ko na asibiti, shi ya fi. Musulmin Baltimore sun kafa irin nasu, Millati Islami, a 1989.

Ta asibiti za ka fara nema. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, in ya yanke kai tsaye yakan yi karkarwa da gumi, wani ya yi farfaɗiya ko ya fita hayyacinsa cikin kwana 2 zuwa 3, har ta kai ga rasa rai. Tuba ba ta jiran gobe, saboda haka ganin likita ma kada ya kai gobe. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, akwai na Dawanau a Kano, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara. Ka tambaye su zaman da ke kusa da kai, da rana da lokaci. Maganin da likita zai ba ka halal ne. Ita kuwa giya, hadisin Muslim ya nuna cuta ce, ba magani ba.

Sannan ka sauya mazauni. A hadisin mutumin da ya kashe rai 100, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya umarce shi da barin garinsa zuwa garin mutanen kirki. Ka bar majalisar da ake sha, ka sauya hanyar da ke bi ta mashaya, ka lazimci jam'i.

Ina kira ga limamai da kwamitocin masallatai su buɗe irin wannan zama cikin sirri tare da ma'aikatan lafiya, domin kunya da tsoron gori sun hana mutane da yawa neman taimako. Allah ya yaye maka, ya tabbatar da kai a kan tuba.

Wallahu a'alam.