Taura Biyu a Bakin Anakin

Duk lokacin da hirar fina-finan Star Wars ta tashi, ba a rasa mai fitowa ya wanke Anakin Skywalker. Wai soyayya ce ta rufe wa yaro ido, wai dokar 'yan Jedi da ta hana shi aure ce ta tura shi har ya zama Darth Vader. Wannan wankin ba ya fita. Abin da ya ci Anakin son zuciya ne, wato mutum ya ƙi sakin ko ɗaya daga abin da ransa ke so, ko da amanar jama'a za ta salwanta. George Lucas, wanda ya ba da umarnin fina-finan ƙuruciyar Anakin, ya dasa shaidar haka cikin hotuna tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki. Fostar The Phantom Menace ta 1999 ta nuna ƙaramin yaro cikin rairayi, inuwarsa a jikin bango kuwa siffar Vader ce. An gaya wa mai kallo inda za a kwana, saura ya ga hanyar da za a bi.

Hanyar tana cikin Attack of the Clones na 2002. An ba Anakin gadin Sanata Padmé Amidala bayan an yi yunƙurin kashe ta, ya raka ta duniyarsu Naboo, can ya fasa mata abin da ke ransa a wani ɗaki mai duhu da ba haske sai na wutar murhu. A lura da shigar da aka yi wa Natalie Portman, mai fitowa a matsayin Padmé, a wurin: baƙar riga matsattsiya, da baƙin abin wuya da ya zagaye maƙogwaro kamar an ɗaura mata igiya. Padmé ta faɗi gaskiya, shi yana da alƙawarin da ya ɗaukar wa Jedi, ita tana da kujerar majalisa, abin ba zai yiwu ba. Shawarar da ta fara zuwa bakin Anakin ita ce a ɓoye. Bai ce zai ajiye takobi ya aure ta a bainar jama'a ba. Ya dai yarda a lokacin cewa zaman ƙarya zai hallaka su, amma kafin fim ya ƙare an ɗaura auren a asirce, a wani gida da ke bakin tafkin Como na Italiya inda aka ɗauki hoton. Babu waliyyi, babu dangi, shaidun mutum-mutumi ne guda biyu, R2-D2 da C-3PO. Hannun da ango ya miƙa wa amarya na ƙarfe ne, domin Count Dooku ya sare na ainihi, kuma kyamara ta tsaya a kansa da gangan. Daf da wannan an nuna rundunar soja tana shiga jiragen yaƙi, ana buga kiɗan Vader da John Williams ya tsara.

Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya san taura ya san dalili: ƙwallonta babba ne, ɗaya ma sai an juya ta a baki ana gaigaya a hankali. Mai cusa biyu bai fi kowa yunwa ba, tsoro yake kada ɗayar ta kuɓuce masa, ƙarshenta ko ya tofar da su duka ko su maƙale masa. Masu kare Anakin za su ce dokar ce ta yi tsauri, kuma akwai gaskiya a nan. Ƙungiyar da ke raba yaro da mahaifiyarsa, ta bar ta cikin bauta a Tatooine, ba za a ce ba ta da laifi ba. Amma ƙofar fita a buɗe take, Dooku kansa ɗan Jedi ne da ya fita. Da Anakin ya zaɓi mace ya ajiye muƙami, babu mai kiransa maci amana. Abin da ya so shi ne matar, da takobin, da kujerar majalisar Jedi, har ya fusata a Revenge of the Sith na 2005 don an ba shi kujerar ba a ba shi matsayin babban malami ba. A wannan fim ɗin ya je wa babban malamin Jedi Yoda da mafarkin mutuwar wani nasa, inuwar labulen taga ta yi masa zane-zane a fuska, rabi haske rabi duhu, ya nemi magani amma ya ɓoye sunan mai ciwon. Padmé ta ce a nemi taimakon malaminsa Obi-Wan, ya ƙi.

Irin Anakin ba su ƙare a cikin fim ba, kuma su ne suka fi ban haushi. Ba ɓarawon da ya san kansa ɓarawo ba, a'a, mai riƙe da amanar jama'a da ke wawure ta yana cewa don iyali yake yi. Ya ba ƙaninsa kwangila a ɓoye, ya cusa ɗansa a gurbin ɗan wani, in asiri ya tonu ya langaɓe kai ya ce wa zai ga nasa cikin wahala ya kau da ido. To, waɗanda aka danne ba 'ya'yan wasu ba ne? In zumunci ya fi ƙarfinka, ajiye kujerar mana! Kuma ba a rasa mai rufa masa asiri a gida. Lokacin da Anakin ya karkashe mutanen Tusken har mata da yara don ramuwar mahaifiyarsa, Padmé ya gaya wa, ita kuwa, sanata guda, ta lallashe shi ta yi shiru.

Hujja ta ƙarshe da ake kawowa ita ce ran matarsa yake son ceta. An kuwa nuna lokacin zaɓin ba tare da su biyun sun ce uffan ba: rana tana faɗuwa a Coruscant, Anakin shi kaɗai a zauren majalisar Jedi inda babban malami Mace Windu ya umarce shi ya jira, yana hangen gidan Padmé ta taga, ita ma tana hangen haikalin Jedi daga nata ɓangaren. Muryar da ke yawo a kansa ta Palpatine ce, shugaban da ya yi masa alƙawarin hanyar ceton matarsa. Ya fita, ya sare hannun Windu don ya ceci Palpatine, ya durƙusa wa sabon ubangida, ya shiga haikali ya kashe yara masu koyo. Da Padmé ta riske shi a Mustafar ta roƙe shi su gudu su bar komai, sai ya yi mata tayin su mulki daular tare. Ta ƙi, ya zarge ta da haɗa baki da Obi-Wan, ya shaƙe wuyan nan da aka zagaye da baƙi a 2002, tana ɗauke da cikinsa. Ta rasu bayan ta haifi tagwaye, aka kai Luke wurin Owen da Beru a Tatooine, Bail Organa ya tafi da Leia Alderaan, don kada ubansu ya san suna raye.