Ƙasar Kano a Fuskar Takarda

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sanya mata tudu da kwari, Ya yanka wa ruwa hanyarsa tun ba a sami mai sha ba, sa'an nan Ya hore wa ɗan Adam, duk da gajartar kwanansa da ƙarancin saninsa, basirar auna abin da bai halitta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin abubuwan da suka cancanci tadabburi, amma muke wuce su da gaggawa, akwai tsofaffin taswirorin birnin Kano na shekarun 1950 da farkon 1960, irin waɗanda ke nuna hawa da gangaren ƙasa. Takarda ce da ta yi ja saboda daɗewa, ta kakkarye a wuraren naɗi, amma wanda ya shimfiɗa ta ya nutsu zai ga garin da kakanninsa suka taka, a daidai lokacin da ƙidayar 1952 ta sami mutanensa kimanin dubu 130, alhali yau ana lissafa su da miliyoyi.

Zana ƙasa ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154, ya sanya kudu a sama; Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature matafiyi Kilafaton taswirar ƙasashen nan a Sakkwato a 1824; Barth kuma, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zana Kano da ganuwarta a 1851. Abin da tsakiyar ƙarni na 20 ta zo da shi sabo shi ne kallo daga sama. A 1946 Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka, jirage suka riƙa shawagi a kan layi miƙaƙƙe suna ɗaukar hoton ƙasa, kowane hoto yana maimaita fiye da rabin abin da na bayansa ya ɗauka. A nan akwai abin mamaki: idan aka jera hotuna biyu masu maƙwabtaka a ƙarƙashin na'ura, idon dama na kallon ɗaya, na hagu na kallon ɗayan, sai dutse ya taso, kwari ya zurma, har ma'auni ya iya bin tsayin ƙasa. Ashe dabarar ba wata ba ce face aron hikimar da Mahalicci Ya ajiye a fuskar kowannenmu, da Ya ba mu idanu biyu da ɗan tazara a tsakaninsu domin mu rarrabe kusa da nesa. Su kuwa ma'aikatan safiyo na ƙasa, waɗanda suka sha rana suna kafa alamu a kan duwatsu, sun ɗaure awonsu da wani tushe guda da aka ayyana a Minna, kuma da shi aka daɗe ana auna Nijeriya.

A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa. Baƙin tawada na aikin hannun mutum ne, gidaje da layin dogo. Shuɗi na ruwa. Ruwan ƙasa kuma na layukan tsayi, waɗanda kowannensu ke bin wuraren da bisansu ɗaya ne daga fuskar teku, a lissafin ƙafa kamar yadda aka saba a wancan zamani. Inda layukan suka yi nesa da juna ƙasa ta kwanta, inda suka matsu ta miƙe. A filin Kano mai shimfiɗa sai ido ya yi tafiya mai tsawo kafin ya tsallaka layi ɗaya, har ya iso Dala da Goron Dutse, inda layukan suka naɗe cikin juna kamar saƙar faifai. Daga nan mai karatu zai fahimci dalilin da ya sa aka fara zama a gindin Dala, inda maƙera suka sami tama, mai tsaro kuma ya sami hange. Zai kuma gane abin da ya sa, da aka jawo ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930, aka nufi kan Goron Dutse da ma'ajiyarsa, domin ruwa ya gangaro wa gari da nauyin kansa.

Sai ganuwa, wadda tarihi ya jingina farkonta ga Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, da faɗaɗa ta ga Muhammadu Rumfa da Muhammadu Nazaki. Abin da ke girgiza ɗan yau shi ne yawan farin fili a cikinta. Gidaje sun taru a gabas da kudu, wajen Kurmi da fada da babban masallacin da aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma ta wajen Kabuga da Kansakali da Waika gonaki ne a cikin badala. Magabata ba su kewaye wannan fili don sun rasa lissafi ba. Sun san cewa garin da maƙiyi ya tsare wa ƙofa, cikinsa ne zai ciyar da shi. A waje kuma ga Fagge, ga Sabon Gari, ga Nassarawa da titunanta a jere, ga layin dogon da ya iso a 1911 ya haifar da dalar gyaɗa. Ɗorayi da Hotoro da Rijiyar Zaki, waɗanda yau gari ya haɗiye, ƙauyuka ne a tsakiyar gonaki.

Amma a ganinmu, babban darasin takardar yana cikin shuɗin tawada. Ga Jakara ta ratsa tsakiyar birni ta nufi arewa maso gabas, ga kududdufai warwatse a tsakanin unguwanni. Asalin mafi yawansu ramuka ne da aka haƙi ƙasar tubali, wato gidan da ya tashi sama shi ya bar rami a gefensa, ramin kuma ya zama matattarar ruwan da ke zuba daga indararon gidan. Ruwan Kano yana sauka ne a dunƙule, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma waɗannan ramuka ne ke karɓarsa su riƙe, su shayar da rijiyoyi a hankali har cikin rani. Ba za mu yi musu ado ba: gidan sauro ne, wasunsu sun ci yara, kuma an mai da su juji. Sai dai da aka cike su da shara aka aza bulo a kai, an kawar da ramin ne kawai, ba a kawar da gangaren da ke kai ruwa gare shi ba. Baƙin tawadar taswirar ya tsufa, domin mutum ya rushe ya sake gini. Layukan tsayi kuwa suna nan kusan yadda aka zana su, domin ba mutum ne ya tsara su ba. Ruwan Agusta ba ya tambayar takardar mallakar fili, umarnin da Ubangijinsa Ya ba shi na neman gangare shi yake bi, saboda haka sau da yawa lungun da ke kwana cikin ruwa a bana, idan aka koma tsohuwar takarda, shuɗi za a tarar a wurin.

Wajibi ne kuma mu karanta ta da adalci, kada ƙauna ta kai mu ga ɗaukar ta ma'asumiya. Waɗanda suka ba da umarnin zana ta suna da buƙatunsu na mulki da haraji da fitar da amfanin gona, don haka sun kula da titi da tasha fiye da makarantar allo da marina, sun kuma rubuta sunaye da yawa yadda kunnen baƙo ya ji su. Tana faɗin inda ƙofa take, ba ta faɗin wanda ya shiga ta da ayari daga Agadas. Wannan gurbi dattawan unguwa ne ke cike shi, kuma kullum raguwa suke yi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sani cikakke, wanda ba ya buƙatar jirgi ko ma'auni, na Allah ne Shi kaɗai.

Kiranmu ga ma'aikatun ƙasa da safiyo, da gidajen adana tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, da sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu, shi ne a tattara abin da ya rage na waɗannan taswirori, a ɗauki hotonsu a kwamfuta tun gara da laima ba su gama da su ba, a kuma sauƙaƙe wa ɗalibi ganinsu. Kai kuma ɗan'uwa mai niyyar sayen fili, kafin ka biya kuɗi, nemi tsohuwar taswira ka duba abin da ke wurin a zamanin kakanka, ka kuma tambayi dattijon unguwa inda ruwa yake kwana. Allah Ya sa mu dace.