Jikokin Diyotarifis a Gombe

Kwanakin baya wata majami'a a nan cikin Gombe ta kira taron neman gudummawa, abin da muke ce wa lancin, don a kammala sabon gini kafin damina ta sauka. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, Zumuntar Mata sun sha anko, 'yan Sabon Rai suna ta kiɗa. Mai gabatarwa, wani saurayi malamin makaranta, ya fara kiran manyan baƙi zuwa babban teburi. Sai tsautsayi ya sa ya kira wani ɗan kasuwa kafin wani dattijon ikkilisiya. Da ya zo kan dattijon kuma, ya faɗi sunansa bai haɗa da sarautar da aka naɗa masa a garinsu ba. Shi ke nan fa. Dattijo ya ƙi tashi. Aka aiko masa, ya kau da kai. Fasto da kansa ya sauko ya rusuna yana cewa, "Baba, a yi haƙuri, yaro ne." Dattijo ya ɗaga murya yadda na baya za su ji: "Ni za a yi wa haka? Ran da muka aza harsashin wurin nan, ina uban yaron nan yake?" Ya mai da ambulan ɗinsa aljihu, ya kaɗe babbar riga, ya nufi motarsa. Buhunan simintin Ashaka da ya yi alkawari, har yau ba a sake jin labarinsu ba.

Sunan wannan ciwo son girma. Mai girman kai yana ganin ya riga ya fi kowa, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Mai son girma kuwa yunwa gare shi: sai an faɗa, a bainar jama'a, da lasifika, kuma kafin a faɗi na wani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka rufe taron. Mun miƙe tsaye, kamar yadda muka saba yi a ƙarshen taro, muka karanta addu'ar Alheri, ayar nan da ta rufe wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korantiyawa, wadda ta ambaci Yesu Almasihu da Allah da Ruhu Mai Tsarki a numfashi guda. Dattijon da ya yi fushi ya haddace ta tun yana yaro. Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki aka yi masa baftisma. Da sunayen nan aka ɗaura masa aure. To me ya koya daga gare su a duk shekarun nan?

Na san yawancin masu karatun Hausa Musulmi ne, na kuma san Musulunci bai yarda da koyarwar Triniti ba ko kaɗan. Ban zo muhawara ba. Maƙwabcina Musulmi yana da tasa hujjar a kan wannan cuta, domin akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya hana mutum neman shugabanci da bakinsa. Ni da 'yan gidanmu nake magana, kuma da abin da muka ce mun gaskata zan kama mu.

Abin da muka ce mun gaskata shi ne Allah ɗaya ne, kuma cikin ɗayantakarsa akwai Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, daidai suke a allahntaka, babu wanda ya riga wani kasancewa. Ba a kai ga faɗin haka cikin sauƙi ba. Wani limami a Iskandariya ta Masar, Ariyus, ya koyar cewa Ɗa halitta ne, mafi ɗaukaka a cikin halittu amma dai ƙasa da Uba. Wato ya sa wa Allah matakala, wani sama wani ƙasa. A shekara ta 325 sarkin Rum, Konstantin, ya tara bishop-bishop a Nikiya, garin da ake kira Iznik yau a Turkiyya, suka ƙi wannan matakala. Atanasiyus, shi ma mutumin Iskandariya, ya ƙare rayuwarsa yana kare matsayin Nikiya, har sau biyar ana korarsa daga kujerarsa.

Sai mu duba yadda ukun suke zama da juna a cikin Bisharar Yohanna. Ɗa yana ta mai da ɗaukaka ga Uba, yana nuna cewa aikin da yake yi na wanda ya aiko shi ne. Uba yana ɗaukaka Ɗa, ya danƙa masa hukunci. Ruhu Mai Tsarki, a sura ta 16, ba ya magana don kansa. Abin Ɗa yake ɗauka ya bayyana wa mutane. Ka karanta littafin daga farko har ƙarshe, ba za ka sami inda ɗaya ya yi ƙorafi an ambaci wani kafin shi ba. Ko addu'ar Alherin da muke karantawa, da Ɗa ta fara, ba da Uba ba, kuma sama ba ta faɗo ba. A sura ta 17 Yesu ya roƙa wa mabiyansa su zama ɗaya irin zaman da yake yi da Uba. Ashe ba mu muka ƙirƙiro zancen koyi da Triniti ba, shi ya ɗora mana.

Saboda haka mai son girma, ko da bai taɓa jin sunan Ariyus ba, almajirinsa ne a aikace. Bakinsa yana faɗin Nikiya, ƙafarsa tana kan matakala.

Na san amsar da masu son girma za su bayar, don na sha jin ta a taron dattawa. Za su ce ai Allah mai tsari ne, Uba ne ya aiko Ɗa, Ɗa ya yi biyayya, don haka ƙarami ya san matsayinsa. Haka ne, akwai tsari, kuma ikkilisiyar da ba ta da shugaba kasuwa ce. Ba na kuma cewa mu ukun nan ne. Allah Allah ne, mu kuwa ƙasa ce, kwatancin yana da iyaka. Amma wanda ya kawo hujjar biyayyar Ɗa ya ƙarasa karatun. Wannan Ɗan da yake daidai da Uba shi ne ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da ƙafar wanda zai bashe shi a daren. Abin mamaki, masu jawo ayar biyayya kullum a kujerar Uba suke zaunar da kansu. Ban taɓa jin wanda ya kawo ta don ya nuna shi ne ya kamata ya durƙusa ba.

Akwai wani mutum a Sabon Alkawari da ban gajiya da tunaninsa. Wasiƙar Yohanna ta uku gajeruwa ce, ko shafi ɗaya ba ta cika ba, amma ta ajiye mana sunan Diyotarifis. Ba a ce mazinaci ne ba. Ba a ce ya ci kuɗin baiko ba, ba a ce ya koyar da ƙarya ba. Laifinsa guda: yana son ya zama shi ne gaba. Daga wannan guda ɗin sauran suka tsiro. Manzo ya aiko da wasiƙa, ya ƙi karɓa. Ya shiga ɓata sunan manzon da baki. 'Yan'uwa baƙi suka zo, ya hana su masauki. Waɗanda suka so su sauke su kuma, ya kore su daga ikkilisiya. Ka lura da tsarin abin: ya fara da ƙin na sama da shi, ya koma kan baƙo, ya ƙare a kan nasa mutanen. Ina kuma kyautata zaton mutum ne mai ƙwazo, don raggo ba ya samun ikon korar kowa. Wataƙila ma a gidansa ake taruwa, irin yadda ikkilisiyoyin lokacin suke yi, wataƙila shi ke ciyar da masu zuwa. Wannan ne ya sa irinsa ke da wuyar taɓawa.

Jikokinsa suna nan, daga Tudun Wada har Tumfure. Shi ne shugaban kwamitin gini da ya shekara goma sha wani abu bai bari an ga littafin kuɗi ba, wai tambaya raini ce. Shi ne wanda in lokacin zaɓen dattawa ya gabato sai ka ga motarsa ƙofar gidajen da bai taɓa zuwa gaisuwar rashin lafiya ba. In ya faɗi zaɓe, ya daina zuwa addu'ar Laraba, ya riƙe zakkarsa, ya fara raɗa cewa faston nan ba ɗan yarenmu ba ne. Nan ne abin ya fi ƙona mini rai. A garin da Tangale da Waja da Tera da Tula da Dadiya da baƙi daga Filato da Kudancin Kaduna ke yin sujada da Hausa a ɗaki ɗaya, mai son girma in ya rasa kujera, ƙabila yake jawowa ya fake da ita. Sai ka ji an kai ƙara gunduma, a sa an canja wa fasto wurin aiki a tsakiyar zangon karatun 'ya'yansa. In hakan bai yiwu ba, ya ja mutum ashirin ya kama aji a wata makaranta, ya buga allo, ya ce Ubangiji ya yi masa magana. Je ka tambayi abin da ya raba su da inda suka fito. Da wuya ka ji aya. Kujera za ka ji.

Kada mata su yi dariya, don akwai shugabar zumunta da ba a isa a tayar da waƙa ba sai ita, akwai matar fasto da ba a zama a layinta. Kada matasa su yi dariya, na ga ƙungiyar mawaƙa ta rabu biyu a kan wanda zai riƙe makirufo ranar Kirsimeti. A gida ma haka. Mutumin da ya ƙi tashi a lancin, in ka bi shi gida, matarsa ba ta isa ta ba da shawara a gaban baƙo ba, ɗansa ya yi nasara sai ya ce ai ni na yi shi.

Amma wa yake kiwon su? Mu ne. Mu ne muka mai da sujada wurin kirari, a ɓata rabin awa ana jero muƙamai kafin a buɗe Littafi Mai Tsarki. Mu ne muke sanar da wanda ya ba da dubu ɗari da tafi da guɗa, gwauruwar da ta kawo ɗari biyar a ce ta jefa a kwando. Fasto kuma, da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ya san wa yake kawo buhun masara, sai wa'azin ya riƙa kewaye layin gaba kamar mai tsallake kwata. Ba na zaginsa, yana da iyali. Sai dai manzo Yohanna bai yi shiru ba: ya rubuta sunan mutumin, ya kuma ce in ya zo zai tone abin da yake yi.

Hausawa sun ce babba juji ne. Kowa ya kwaso shara a kansa yake zubawa, ba ya tashi ya bar wurin. Wannan karin magana ta fi wa'azi da yawa kusa da tawul ɗin nan na Yesu. Girman da Bahaushe ya sani shi ne a yi maka kuskure ka haɗiye, yaro ya manta sarautarka ka yi murmushi ka kira shi bayan taro ka gyara masa. Bishara ta iso Kaltungo a 1917 ta hannun 'yan mishan na SIM, John Hall da Gordon Beacham. Sunayensu sun shiga littafi. Amma 'yan ƙasa ne suka ɗauke ta a ƙafa zuwa ƙauyuka, suna noma da rana suna koyar da karatu da dare, kuma yawancinsu ko jikokin waɗanda suka tuba a hannunsu ba za su iya faɗin sunansu ba. A kan guminsu ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Yau a cikin ginin da suka gadar mana ake faɗa a kan wa aka fara kira.

Kada a ɗauka ciwon na zamani ne. A shekara ta 381 aka sake taruwa a Kustantiniyya, Santambul ta yau, aka tabbatar da matsayin Nikiya, aka ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Wannan majalisa da ta ce babu babba babu ƙarami cikin allahntaka, ita ce kuma ta kafa doka cewa bishop ɗin Kustantiniyya shi ke biye da na Rum a daraja, dokar da ta jawo ƙorafi na ɗaruruwan shekaru. Ana cikin zaman, bishop-bishop na Masar da Makidoniya suka iso, suka ce naɗin shugaban taron, Giregori na Naziyanzus, bai bi ƙa'ida ba. Mutumin nan shi ne ya yi shahararrun jawabai biyar a kan Triniti a birnin, lokacin da mabiya Ariyus ke riƙe da manyan majami'u, shi kuma yana wa'azi a wani ɗan gida. Sarki Tiyodosiyus ne da kansa ya raka shi ya shiga babbar majami'a. Da ya so ya yi faɗa, yana da abin faɗa. Sai ya kwatanta kansa da annabi Yunusa, ya nemi a jefa shi teku in hakan zai kwantar da guguwa. Ya ajiye kujerar babban birnin daula, ya yi jawabin ban kwana, ya koma ƙasarsu ta Kafadokiya. Aka karɓi murabus ɗinsa ba tare da wani dogon lallashi ba, aka naɗa Nektariyus a madadinsa, wani babban ma'aikacin gwamnati da ko baftisma ba a yi masa ba tukuna.