Mu Ma Mun Iya Cin Ɗaci

'Yan kasuwar Sabon Gari, da yaran shago, da 'yan dako, da masu baro! Kwalayen nan da kuke saukewa tun da sassafe, Sinawan da suka cika su suna da wata magana: "chi ku", wato cin ɗaci. Abin sha'awa, "chi" ɗin nasu da "ci" ɗinmu duk abu ɗaya suke nufi. Idan Basine ya ce wane ya iya cin ɗaci, yabo ne babba. Da shi ake shaidar ma'aikaci, da shi iyaye ke horon 'ya'yansu.

Ku dubi Yiwu, garin Sinawa da alhazanmu ke zuwa saro tocila da kwaɗo da cokula. A da ƙasar mutanen garin ba ta ciyar da su. Sai manomi ya rataya kwanduna biyu a sanda, ya bi ƙauyuka yana kaɗa ɗan ganga, yana ba da alewa ana ba shi gashin kaji, ya kai gona ya yi taki. Gashin kaji fa! Sai a 1982 hukuma ta yarje musu su kafa kasuwa. Yau ga kwantenoninsu har Kano.

To ku wa zai koya muku cin ɗaci? A watan Maris na 2016 gobara ta lashe dubban shaguna a kasuwar nan cikin dare. Mutum ya kwana da jari, ya wayi gari yana tonon toka. Aka jajanta, aka ce Allah ya mayar da alheri, mai shago ya koma tebur, maƙwabci ya ba shi kaya bashi ba takarda. A 2023 takardun naira suka ɓace, dala ta yi tashin gwauron zabi, kuka buɗe shago duk da haka.

Amma a ganina, kada juriya ta zama sakaci. Ɗacin da ya zo daga Allah a haɗiye shi, wanda tsohuwar wayar lantarki za ta jawo kuwa a kira mai gyara yau. Yaron shago, riƙe amana, rubuta cinikinka, zuba adashinka, ranar sallama na tafe. Ɗan dako, ƙwandalar da ka raina ita ce kuɗin teburinka na baɗi. Alhaji, kai kuma idan lokaci ya yi, ka sallami yaron nan da jarin kirki.