Karatun Injiniya, Kimiyya Da Sana'ar Tufafi A Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk shekara idan lokacin neman shiga jami'a ya zo, akan sami wata muhawara a zaurukan Birnin Kudu da Gwaram, da garuruwan da ke kewaye da su kamar Sara da Basirka da Bamaina. Yaro ya gama sakandare yana son karatun injiniya ko kimiyya, sai a ce da shi wannan neman duniya ne, babu lada a cikinsa. Yarinya kuwa ta ce tana son ta karanci zayyanar tufafi da kasuwancinsu, sai a yi mata dariya, a ce ina ruwan ɗinki da jami'a? Da irin waɗannan maganganu akan rufe wa yaro ƙofa, tun ba a tambayi abin da shari'a ta ce ba.

Malamai sun kasa ilmin da ya wajaba kashi biyu. Akwai farilla ainiyya, watau abin da ya hau kan kowane baligi, kamar sanin tauhidi da tsarki da salla da azumi. Akwai kuma farilla kifaya, watau abin da ya hau kan jama'a gaba ɗaya: in wasu sun yi ya sauka daga kan saura, in kuwa kowa ya bari, to, laifin ya game kowa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya sanya likitanci da lissafi a cikin wannan kashi na biyu a littafinsa Ihya'u Ulumiddini, ya kuma haɗa da noma da saƙa da ɗinki. Har ma ya yi kuka da mutanen zamaninsa, domin sun yi cincirindo a kan zurfafan mas'alolin fiƙihu, alhali garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi ko ɗaya.

Alƙur'ani mai girma ya riga kowa girmama waɗannan sana'o'i. A Suratul A'arafi, aya ta 26, Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafta tufafi cikin ni'imominSa, domin suturta tsiraici da kuma ado, sa'an nan Ya nuna cewa tufar taƙawa ita ce mafi alheri. A Suratu Saba'i, aya ta 10 da ta 11, Ya ba da labarin yadda Ya tausasa wa Annabi Dawuda baƙin ƙarfe, Ya umurce shi da ƙera sulke, Ya kuma hore shi da daidaita awo wajen saƙa zobbansa. Wannan daidaita awo shi ne kan aikin injiniya. A Suratul Kahfi an faɗi yadda Zulƙarnaini ya gina katanga da guntayen ƙarfe da narkakkiyar tagulla. A cikin Sahihu Muslim kuma an rawaito cewa Annabi Zakariyya kafinta ne. Sayyidina Abubakar fataucin tufafi ya yi, haka nan Imamu Abu Hanifa. To, sana'ar da annabawa da manyan bayin Allah suka riƙe, wane ne zai raina ta?

Magabatan ƙasar nan ma ba su raina ta ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya nuna masa cewa yana daga cikin aikin shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, ya kuma baza su cikin garuruwa gwargwadon bukata. Shi kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Kafin wannan, Malam Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ilmin lissafi. Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano, ana kai su har Tambutu.

Ina wannan ɗaukaka take a yau? Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe da tsayawa, haka nan masaƙu da dama a Kano. Wanda ya shiga Kantin Kwari zai ga akasarin atamfa da shadda da leshi daga ƙetare suke zuwa. Dalilan wannan suna da yawa, akwai ƙarancin wutar lantarki, akwai fasa-ƙwauri, akwai tsufan injuna. Amma kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar mai ilmi: injiniyan lantarki, da masanin haɗa rini, da masanin irin auduga, da wanda ya san lissafin kasuwa. Teburin maɗinki shi kaɗai ba zai iya yin takara da masana'anta ba. Wannan shi ne amsar mai tambayar abin da ya haɗa ɗinki da jami'a.

Hanya kuwa ba a rufe take ba. Tun yankin nan yana cikin Jihar Kano aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye mutane da yawa, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, an sami Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, da ta jiha a Kafin Hausa a 2013, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura a 2021. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe tana koyar da injiniya da kimiyyar saƙa da zayyana. Uzurin nisa ya ragu ƙwarai.

Sai dai fa wannan karatu yana da sharuɗɗa. Na farko, farilla ainiyya ita ce gaba. Ɗalibin da ya san lissafin ƙarfe bai san abin da ke warware alwala ba, ya gina soro ne a kan yashi. Na biyu, kowace sana'a tana da nata fiƙihun. Tirmizi ya rawaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwar Musulmi. Mai kasuwancin tufafi sai ya san riba, ya san haramcin ɓoye aibin haja, ya san cewa in an biya kuɗi tun kaya ba su zo ba, dole a bayyana siffarsu da awonsu da ranar karɓa. Ya san alharini da zinariya haram ne ga maza, kuma bai halatta a zayyana tufar da za ta kamanta namiji da mace ba, ko tufar fita mai shara-shara da matse jiki. Ƙyallen da ya ragu a hannun maɗinki amana ne, alkawarin kayan Salla kuma alkawari ne, saɓa shi yana daga alamomin munafunci.

Injiniya shi ma haka. Wanda ya rage siminti ko rodi a ginin makaranta ko kwalbati, ya sa hannu a takarda cewa aiki ya cika, ya haɗa ha'inci da shaidar zur. In ruwan damina ya rushe ginin a kan mutane, alhakin rayukansu yana wuyansa, ko da kotu ba ta kama shi ba.

Game da 'ya'ya mata, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi. Magidancin da ke ƙyamar namiji ya auna matarsa da tef, ko ya duba ta a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, kishinsa abin yabo ne. Amma in shi da maƙwabtansa duka sun hana 'ya'yansu mata karatu, daga ina likita mace da gwanar ɗinki za su fito? Abin da ya kamace shi shi ne ya binciki masaukin yarinya da abokan zamanta, ya riƙa ziyartarta, ya ɗauki nauyinta yadda ba za ta bukaci kowa ba.

Saura masu hali. Yara da yawa suna cin jarrabawa, kuɗin rajista ya mai da su gida. Attajirin da ya ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya har ya gama, ya sauke wa garinsu wani yanki na farilla kifaya, ana kuma fata ladan duk wanda ya amfana da ilmin nan zai riƙa iske shi a kabari. Limamai da masu unguwanni suna iya haɗa asusu don wannan, kamar yadda ake haɗawa don ginin masallaci. Ɗalibi kuma ya kyautata niyya, in ya gama ya tuna da garin da ya yi masa ɗawainiya.

Allah Ya ba Musulmi ilmi mai amfani da arziki na halal, Ya shiryi zuriya, Ya sa a gama lafiya. Amin.