Kawu, Matso Ka Gani

Akwai wani gajeren bidiyo da ya zagaya wayoyinmu a Bodinga lokacin da Bluetooth ke tashe, kafin WhatsApp ya iso. Wata mota ce ke bin hanya mai lanƙwasa a tsakanin korayen itatuwa, ana kiɗa mai sanyi. Motar ta shige bayan itatuwan, ido na jiran ta ɓullo, sai wata mummunar fuska ta faɗo gaban allo da kururuwa. Daga baya muka ji cewa tallar wani kofi ce mai suna K-fee da aka yi a Jamus a 2004. Mu dai a rumfar mai cajin waya muka same shi, kuma ba shi da daɗin kallo sai an nemo wanda bai taɓa ganinsa ba.

Wanda muka nemo ran nan kawun ɗayanmu ne, dattijo mai sayar da goro a bakin titin da ya wuce Shagari. "Kawu, matso ka gani, an ce aljani na bin motar ga. Sa ido sosai." Ya goge hannu a riga, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kawo ta daf da fuskarsa saboda idonsa ya fara rauni. Da fuskar ta faɗo ya zabura yana salati, farantin goro ya kife. Muka yi dariya har da hawaye. Shi kuwa ya duƙa yana tsince goronsa ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙura, bai ce komai ba sai "Allah shi shirye ku."

Wannan wasa ya girmi wayoyinmu. A Japan, tun zamanin da intanet ke jaririya, matasa sun ƙware a kansa, musamman a dandalin 2channel da aka buɗe a 1999. Da farko tarkon na kwamfuta ne: mutum ya latsa adireshin da aka ba shi, tagogi su yi ta buɗewa har na'urar ta sandare. Suna kiran wannan burakura. Sannan aka koma ɗana wa mutumin kansa. Wani sananne daga ciki ya ari hoton Wally, ɗan tahalikin nan mai riga ja da fari da yara ke nema a cikin cunkoson jama'a a littattafan Martin Handford. Mai kallo ya dukufa yana laluben Wally, ya manta da komai, sai fuska da ihu. Abin dariyar ma, sunan wasan da Japananci yana nufin kada a nemi Wally. An yi gargaɗi, amma wa ke jin gargaɗi in abokinsa ne ya turo?

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. A wannan dandali sai da aka buɗe zaure na musamman, inda wanda ba shi da ƙarfin zuciyar buɗe hoto zai kawo adireshin, wasu su buɗe su gaya masa abin da ke ciki. Jama'a guda ta kai matsayin da ba ta iya karɓar "duba ka gani" daga hannun juna sai da ɗan leƙen asiri.

Za a ce ai wasa ne, kuma mu ba baƙin tsoro ba ne. Da dodo aka raine mu. Kakanni sun ba mu tatsuniyar da ta hana mu fita fitsari da dare, taubasai kuma suna yi wa juna abin da ya fi wannan. Gaskiya ne, kuma ba ma cikin masu son a mayar da duniya zaman makoki. Sai dai yaron da ya ce "ta zo mu ji ta" ya san inda ya sa ƙafa. Shi ya sayi tsoronsa, yana kuma jin daɗinsa. Tobashi ya san tobashinsa, ya san gobe zai rama. Kawu bai sayi komai ba. Tarkon ma ba ya kama mai shakka: wanda ya riƙe wayar nesa yana harararmu, da kyar zai ƙifta ido. Wanda ya yarda da mu, ya matso da muka ce ya matso, ya sa ido da muka ce ya sa, shi ne ke faɗawa. Gwargwadon yardarsa, gwargwadon razanarsa, gwargwadon dariyarmu. Abu Dawud ya ruwaito labarin wasu sahabbai a halin tafiya, ɗaya ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, Annabi (SAW) ya hana. Igiya ce kawai, kuma da niyyar a mayar.

Ita wannan yarda ba ta mutum ɗaya ba ce, rumbu ne da kowa ke ɗiba. A Satumbar 2011 sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito ta ƙaryata jita-jitar cewa wanda ya amsa kiran lamba 09141 zai mutu. A Agustan 2014, lokacin Ebola, an tashe mu da tsakar dare a ce mu yi wanka da ruwan gishiri mu kuma sha, har wasu suka kwanta asibiti. Ba baƙo ne ya kira mu ba, yayye ne da iyaye, don ƙauna. Ta wannan hanyar dai, ta bakin wanda aka yarda da shi, labarin gaske ke zuwa. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi sassan Jihar Sakkwato, mutumin Kajiji ko Dandin Mahe ko Danchadi da wayarsa ta yi ƙara ƙarfe biyun dare ba shi da zauren da zai kai saƙon a duba masa. Yana da 'yan daƙiƙu ne ya yanke: ya tashi iyali a fita, ko ya ce yaran nan ne da shirmensu. Ba mu ce bidiyon mota ne ya jawo wannan ba. Amma mun san a hannun wa mutanenmu suka koyi cewa waya na iya yi musu ƙarya don a yi dariya.

Bayan shekaru, 'yar Kawu da ke aure a Legas ta haihu, aka turo hoton jaririn a wayar ɗayanmu, domin tasa ƙarama ce mai tocila. Muka tafi da murna. "Kawu, ga jikanka, matso ka gani." Ya dubi wayar, ya dube mu. Ya ce, "Riƙe ta can." Muka rantse masa. Ya ce ya ji, a dai riƙe ta can, a kuma rage murya. Daga nesan nan idonsa ba ya rarrabe komai, sai ya tambaye mu da wa yaron ya yi kama, muka gaya masa.