Haƙuri Ba Jiran Juma'a Ba Ne

Gidanmu yana unguwar Kusugu a birnin Daura, kusa da rijiyar nan mai tarihi. Kowa ya san labarinta, yadda maciji ya tsare ruwa, ba a ɗiba sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Tun ina ƙarami nake tambayar kaina, shin zaman da kakanninmu suka yi suna jiran Juma'a haƙuri ne ko kuwa tsoro? A wurin Baba na sami amsa.

Baba falke ne, yakan saro tumaki a ƙasar Damagaram ya biyo ta Kwangwalam ya sayar a kasuwar Mai'aduwa. Cikin watan Agusta na 2019 aka rufe iyaka, jari ya soma zagwanyewa. A 2023 kuma canjin kuɗi ya sa tsaba ta ɓace, aka cire tallafin mai, sannan aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar. Nan fa jari ya karye, bashi ya hau shi.

Cikin abokansa wasu suka gudu Legas don ɓuya, wasu suka zauna a gindin bedi suna ta "Allah ya kawo sauƙi." Shi kuwa Baba sai ya sayar da babur ɗinsa, ya bi masu binsa gida gida ya rage wa kowa. Da ragowar ya sayi kura da jarkoki, ya kama ga-ruwa.

Da na je hutu na hange shi yana tura kura, wallahi sai na kauce don kada abokaina su gani. Da dare na ce, "Baba, don Allah ka bari, mutane suna magana."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kunya tana ga mai ɓuya wa mai binsa bashi. Ni da rana tsaka nake yawona."

Maganar nan ta hana ni barci. Ashe ni ne abin kunyar, ni da kurar nan ke biya wa kuɗin makaranta.

Watakila wani ya ce yabon haƙurin talaka dabara ce ta toshe masa baki. Akwai gaskiya a nan, domin haƙurin Baba bai wanke waɗanda suka jefa shi cikin wannan hali ba, shi ma bai fasa faɗar haka ba. Amma yana faɗa yana turin kura.

To, 'yan'uwa ɗalibai, abin da na fahimta shi ne, haƙuri iri biyu ne. Akwai na mai zaman jiran Bayajida, akwai kuma na wanda ya ɗauki guga ya nufi bakin rijiya da mutuncinsa. Na biyun shi ne na Baba. Allah ya ba mu irinsa, amin.